An Yi Shelar Aurena a Ohio

Abu na farko da Amurka ta nuna mini shi ne ƙeyar Bros Sunday. Tun daga filin jirgi har ƙofar gidansa bai waiwayo ya dube ni ba. Yana tuƙi yana waya, ni kuwa ina kujerar baya rungume da jakata kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Ɗan ƙauyen su mahaifiyata ne. Ita ta yi ta bin dangi har ta samo lambarsa sa'ad da sunana ya fito a cacar biza, a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da kowa a unguwarmu Romi, a Kaduna, yake cewa ƙasa ta kama hanyar gyaruwa, amma kowa yana neman hanyar fita.

Ni na riga na gama tsara tafiyar a kaina tun kafin in hau jirgi, kuma Malam Sani mai hayar littattafai a Makera ne ya ja mini. Tun ina sakandare nake zuwa rumfarsa in karɓo littattafan soyayya, in cusa su a jakar da nake sa littafin waƙoƙin coci. A cikinsu saurayi yakan tafi ƙasar waje a ƙarshen babi, a farkon babi na gaba ya dawo da farar mota, budurwa tana tsaye a zaure idanunta sun ciko da hawayen murna. Babu marubucin da ya taɓa gaya mini abin da ke faruwa tsakanin babi da babi.

Tawa budurwar Rifkatu ce, tela a kasuwar unguwar Television, 'yar Baba Katikis, mai koyar da addini a cocinmu na Angilikan a Romi, inda nake kaɗa wa mawaƙa kibod. An kai gaisuwa, an biya sadaki, dangi sun san juna. Abu ɗaya ya rage. Baba Katikis ya faɗa a gaban kowa cewa 'yarsa ba za ta bar gidansa ba sai ta ƙofar coci. Shirina kuwa mai sauƙi ne: in yi aiki, in tara abin biki, in dawo a ɗaura mana aure a gaban bagade, in ɗauke ta mu tafi.

Zangona na farko ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a gidan Bros Sunday, a wani ƙaramin gari a jihar Ohio. Katifata tana jingine da injin wanki. Duk sa'ad da matarsa ta kunna shi, ni da katifar tare muke rawa. Taga ɗaya ce, can sama kusa da silin, ba na ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Ya karɓi takardun aikina ya ce zai adana mini, wai a ƙasar nan ɓarayin takarda sun fi ɓarayin kuɗi yawa. Ya sama mini aikin wanke kwanuka a wani gidan abinci. Sai daga baya na gane akwai wani mutum a wani garin da yake aiki da sunana, Bros Sunday yana karɓar ladan haya. Da na yi magana, dariya ya yi.

"Iliya, this na America. Ka zo da kunyar Kaduna, yunwa za ta kashe ka."

Abin da ya riƙe ni shi ne katin waya. Rifkatu ba ta da tata wayar a lokacin, sai in kira mai wayar haya da ke zama ƙarƙashin lema a bakin layinsu da sassafe kafin in tafi aiki, can kuma rana ta take, a aika a kira ta daga shago. Nakan shirya kalamaina tun da nake goge tukwane.

"Tauraruwar zuciyata, ko dusar ƙanƙara ta rufe duniya, hasken fuskarki..."

"Iliya, kati ne fa yake ƙonewa. Bar maganar tauraro. Ka ci abinci?"

"Na ci burodi."

"Burodi! Ka tsallake teku don ka ci burodi? Akwai shi a Gonin Gora, har a tagar mota ake miƙo wa mutum."

Haka take. Ni in hau sama, ita ta kamo ƙafata.

Wata Lahadi kewar gida ta kore ni daga ɗakin nan, na kama tafiya a ƙasa ba tare da na san inda na nufa ba. Sanyi ya shiga takalmina har na daina jin yatsuna. Sai na ga wani coci na jan bulo mai jar ƙofa. Sunan da ke saman allon ban san shi ba, amma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa suna cikin tarayyar Angilikan ta duniya. Ban tsaya tunani ba. Na tura ƙofa.

An fara sujada. Tsofaffin Turawa ne, ba su cika rabin kujerun ba. Amma addu'ar da suke yi ita ce wadda muke yi a sujadar Turanci ta safe a Romi, kalma bayan kalma. Inda muke durƙusawa nan suke durƙusawa. Inda muke amsawa nan suke amsawa. Bakina ya kama da kansa, hawaye suka biyo baya, na rasa abin share su sai hulata.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Wadda take tsaye a bagade da farar riga da abin wuyan fastoci mace ce, tsohuwa mai furfura. A wurinmu ba a naɗa mace. Sai na ce a raina ai nan mata har bas suke tuƙawa. Ban da haka, su suka kawo mana cocin nan a jirgin ruwa, ni ɗan Romi ne zan koya musu yadda ake yi? Da aka kira Jibin Ubangiji, wato karɓar burodi da ruwan inabi a gaban bagade, na bi layi, na durƙusa, na miƙa hannu biyu kamar yadda Baba Katikis ya koya mana a ajin tabbatarwa.

Sunanta Rabaran Margaret. Bakina bai iya kiran sa'ar kakata da suna ba, na sa mata Mama Rabaran, ta yi dariya ta karɓa. Ranar ta dubi rigar sanyin da na saya a gwanjon Kaduna ta girgiza kai. Lahadin da ta biyo baya ta zo mini da babbar rigar marigayi mijinta, hannunta ya wuce yatsuna, amma ita ta fitar da ni daga hunturun farko. Ita ta raka ni gidan Bros Sunday ta tsaya a bakin ƙofa da abin wuyanta, ba ta ɗaga murya ba, har ya shiga ya fito mini da takarduna yana gunaguni. Ita ta samo mini ɗaki a saman garejin wasu tsofaffi 'yan cocin, da aiki a gidan kula da tsofaffi. Mai kaɗa musu ogan, babban kibod ɗin cocin, yatsunsa sun sandare da ciwon sanyi, da suka ji ina taɓawa sai suka zaunar da ni a kujerarsa.

Na lura akwai abin da ba daidai ba a cocin. Nakan ji ana cewa "waɗanda suka tafi" cikin ƙasa da murya. Nakan ji maganar lauya, da shari'a a kan ginin. Ni na ɗauka mutane ne suka ƙaura zuwa wani gari, rigimar fili kuwa ko a Romi ba baƙuwa ba ce. Kaina yana wurin Rifkatu. Ina kaɗa waƙar shiga ina hango ta cikin farar riga tana takowa a hankali, mayafi ya rufe mata fuska.

Da na ga hannuna ya fara kama ƙasa, muka sa lokacin biki. A al'adar cocinmu kafin a ɗaura aure sai an yi shela Lahadi uku a jere, a cocin amarya da kuma cocin da ango yake sujada, don mai magana ya fito ya yi. Na gaya wa Mama Rabaran. Ta ce su sun daɗe da barin wannan, amma ta tono wani tsohon littafin addu'a ta samo kalmomin. Ta yi ta gwada sunan Rifkatu a ofis har ya kusa zama. Ranar shela ta ƙarshe tsofaffin nan suka tafa, wata ta gasa kek ta rubuta sunayenmu a kai, ta manta harafi ɗaya. Ban taɓa jin na kusa da gida kamar ranar ba.

Daga zauren shan shayi na cocin na kira Baba Kanon, faston cocinmu na Romi, wanda shi ya yi mini baftisma ina jariri.

"Baba, barka da yamma. An gama shela a nan."

"Madalla, ɗana. Mu ma mun yi biyu, saura ɗaya. Ba ni faston naku in ji daga bakinsa."

Na miƙa wa Mama Rabaran wayar ina murmushi. Wayar tana da ƙara, ina jin komai. Ta gaishe shi da Turanci, ta ce tana murna da jin muryar ɗan'uwa daga Najeriya.

"Na gode, madam," in ji Baba Kanon. "Ki ba maigidan."

"Mijina ya rasu," ta ce. "Ni ce faston wannan coci."

Sai na ji ya ce a ba Iliya.

"Iliya, wane coci kake zuwa?"

"Angilikan, Baba."

"A ƙarƙashin wane bishop?"

"Baba, ban tambaya ba. An rubuta a allo."

"Allo! Ka ci Jibi a hannunta?"

"Kowace Lahadi, Baba."

"Wayyo Iliya. Kai ba ka jin labarai ne? Duniya duk ta sani sai kai?"

A tsaye a nan, da kek a hannuna, ya ba ni labarin da kowa ya sani. Cocin ƙasar nan sun naɗa wani bishop da yake zaune da namiji ɗan'uwansa kamar miji da mata. Bishop-bishop ɗinmu sun ce wannan ya saɓa wa Littafi, sun yanke zumunci da su. Wasu a nan Amurka sun fice sun koma ƙarƙashin namu. Su ne waɗanda suka tafi. Ni kuma na zo na zauna a kujerar da suka bari, har ina kaɗa ogan.

Shela ta uku ba a yi ta a Romi ba. A madadinta aka karanta sunana a gaban ikkilisiya, an sa ni ƙarƙashin horo: ba Jibi, ba aiki a coci, ba ɗaurin aure, sai ranar da aka karɓe ni. Rifkatu tana zaune aka karanta.

"Kowa ya juyo ya kalle ni," ta ce a waya. Muryarta ba ta rawa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Matan Zumuntar coci sun kalli cikina, Iliya. Cikina! Don su horo kafin aure abu ɗaya suka san yana kawo shi. Sai da Baba ya bi su gida-gida yana bayani."

"Rabin raina, wallahi ban sani ba..."

"Ka ga coci rabinsa babu kowa, ba ka tambaya ba? Ko shago na shiga na ga babu masu ciniki sai na tambayi dalili."

Baba Kanon ya ba ni hanya. In nemi cocin da ke ƙarƙashin bishop-bishop ɗinmu, faston can ya karɓe ni, a sake shela daga farko.

Na je sallama da Mama Rabaran ina jin kamar ɓarawo. Ba ta yi mini gardama ba. Ta cire tabarau ta murza idanu.

"Na san inda waɗanda suka tafi suke taruwa," ta ce. "Da yawansu ni na yi wa 'ya'yansu baftisma. Amma ka sani, faston da za ka je wurinsa bishop ɗinmu ya dakatar da shi. A wurinmu ba shi da izinin tsayawa a bagade, bishop ɗinku kuma ba shi da hurumi a garin nan. Ban faɗa don in hana ka ba. Ka je ka auri yarinyarka."

Wato wanda zai fitar da ni daga horo, shi ma a wani littafin yana cikin horo. Ita da kanta ta nuna mini bas ɗin da zan hau da inda zan sauka in canja. Na so in mayar mata da rigar mijinta, ta ce sanyi ba ya tambayar bishop.

Zango na gaba ɗakin cin abincin wata makarantar firamare ne a babban birnin da ke kusa. Bas biyu nake hawa, in wanda ke gaba ya tsere mini sai in tsaya a kan titi iska tana yanka mini kunne. Kujerun ninkewa, tebur an rufe shi da farin ƙyalle, warin abincin yara bai bar bango ba. Na shafe makonni ina zuwa sujadar safe, ina zama a natse, ina gaishe da kowa, kafin in kira Baba Kanon in ba shi rahoto. Wannan karon na yi tambaya, na riƙe sunan bishop ɗin da kyau. Da na faɗa masa sai ya ja tsaki.

"Wannan ai na gabashin Afirka ne. 'Yan'uwanmu ne, ba mu da rigima da su, amma ba namu ba ne. Ba zan karɓi shaidarsu ba sai ta bi ta dayosis, wurin bishop ɗinmu."

Ashe ɗakin ƙungiya biyu ke haya. Na safe Turawan da suka fice ne, suna ƙarƙashin wani bishop dabam. Namu sai da rana. Ana naɗe ƙyallen wancan tebur ana shimfiɗa na wannan.

Faston na rana Rabaran Emeka ne, mutum mai fara'a, Litinin zuwa Asabar tasi yake tuƙawa. A nan na sake jin ganga, na ga mata suna rawa zuwa sa kuɗin baiko da gwaggwaro har silin, na ci dafa-duka mai yaji har na yi gumi. Ya saurari labarina yana dafa kafaɗata.

"My brother, ka sha wuya. Nan gidanka ne. Amma wa ya sa ka horo?"

"Baba Kanon na Romi."

"To shi zai cire. Ban ɗaura ba, yaya zan kwance? Kuma ba zan yi wa mai horo shela ba. Idan na yi, gobe a ce Emeka ya shiga gonar wani dayosis. Ka san idanu nawa ke kanmu a ƙasar nan?"

Na kira Romi. Baba Kanon ya ce shi ba ya ganina, ta yaya zai shaida tuban mutumin da ke bayan teku? Faston da nake gabansa shi zai karɓe ni. Na koma wurin Rabaran Emeka. Ya ce zai tambayi bishop. Bishop yana wata jiha, sannan yana taro a Abuja, sannan yana fama da shari'ar gine-gine. Da amsa ta zo, cewa aka yi lamarin na dayosis ɗin da ya yanke hukunci ne. Na sake kiran Romi. Baba Kanon ya ce zai kai wa na sama da shi. Na sama suka ce mutumin da yake zaune a Amurka ai akwai bishop da aka ba Amurka.

Babu wanda ya zage ni a cikinsu. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da wani ya tsane ni da na san da wa nake faɗa. Kowa yana kirana ɗana, kowa yana kirana ɗan'uwa, kowa yana yi mini addu'a kafin ya tura ni gaba. Ina zuwa kowace Lahadi, idan aka tashi cin Jibi in ɗage gwiwoyina mutane su wuce. Akwai kibod a kusurwa, wanda yake kaɗa shi yatsa biyu yake amfani da su. Ba ni da izinin taɓawa.

Wani hunturun ya zo ya wuce. Rifkatu ta sayi wayarta, amma maganarmu ta ragu. Na daina shirya kalamai, don babu tauraron da ya rage mini.

"Yau na gama rigar auren ƙanwar ƙawata Lami," ta ce wata rana. "Yarinyar da na goya. Tawa tana rataye a bayan ƙofa, na sa mata leda. Masu zuwa awo suna tambaya ko ta sayarwa ce."

"Ki ƙara haƙuri, an ce bishop..."

"Kada ka ƙara ce mini bishop. Ni ba bishop ne ya biya sadakina ba. Ka zo, ko ka aiko a karɓi kayanku."

Na nemi hutu a wurin aiki, aka ba ni 'yan makonni. Na sauka a Abuja na hau mota. Da muka iso Gonin Gora masu burodi suka yi wa motar caa, suna miƙo shi ta taga kamar yadda Rifkatu ta faɗa. Babu farar mota. Acaɓa ne ya kai ni Romi, jakata a kan tanki.

Washegari na sami Baba Kanon a ofishinsa. Ya tsufa. Ya tashi ya rungume ni, ya aika a sayo mini lemo, ya tambayi sanyi da abinci. Sannan muka zo kan magana.

"Tunda ka zo, abin ya yi sauƙi," ya ce. "Dattawa sun zauna. Za ka zauna a bencin baya wata shida, jama'a su gan ka. Sai mu karɓe ka, mu yi shela, mu ɗaura."

Bencin baya shi ne na ƙarshe a jikin bango kusa da ƙofa, inda masu horo suke zama.

"Baba, hutuna ko wata ɗaya bai kai ba. Idan na zauna wata shida aikina ya tafi, takarduna ma za su iya samun matsala. Na fi shekara ba na cin Jibi. Wannan ba ya cikin lissafi?"

"Wa ya gani?"

"Rabaran Emeka."

"Shi ya ce ba huruminsa ba ne."

"Baba, kai ka yi mini baftisma. Ka san ni. Me na yi? Sanyi ya kore ni na shiga coci na yi addu'a."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Na san ka, Iliya. Amma idan labari ya kai dayosis cewa na ɗaura auren wanda ya ci Jibi a can ba tare da ya cika horo ba, ni zan zauna a bencin. Kana so in ƙare aikina haka?"

Na tashi na fita. Lemon ma ban sha ba.

Na tafi Television a ƙasa. Rifkatu tana kan keke tana taka shi, allura a bakinta. Ta rame kaɗan, amma wuyan nan nata da nake gani a mafarki yana nan yadda na bar shi. Na zauna a kan buhun ƙyallaye na faɗa mata komai. Ba ta daina ɗinki ba sai da ta kai ƙarshen layi, ta yanke zare da haƙori.

"Idan ka zauna, aiki ya tafi. Idan ka koma, wani hunturun ke nan."

"Haka ne."

"To gobe mu je sakatariya a ɗaura mana na kotu."

"Rifkatu! Baba Katikis fa? Ke ma za a sa ki horo."

"An riga an kalli cikina a banza. Gara a kalle ni da dalili." Ta dube ni ido cikin ido. "Ko kai ne ba ka shirya ba?"

Ba gobe aka yi ba, su ma suna da nasu kwanakin jira, amma an yi kafin hutuna ya ƙare. Wani ofis ne mai fanka ɗaya. Kawuna da gwaggonta suka tsaya mana. Ta sa atamfa, ta ce farar rigar ta coci ce, ba za ta kai ta gaban tebur mai tulin fayil ba. Babu mawaƙa, babu mayafi. Ma'aikacin ya ce mu yi sauri, yana da taro. Baba Katikis bai zo ba. Da muka je gaishe shi da yamma, ya amsa daga cikin ɗaki, bai ɗaga labule ba. Rifkatu ta durƙusa a tsakar gida ta daɗe, sannan ta tashi ta kaɗe gwiwa, ba ta yi kuka ba sai da muka fita layin.

Ranar Lahadi na ce mu zauna a gida. Ta ce cocin ubanta ne, a nan aka haife ta, babu wanda zai ce ta gudu. Muka je. Lokacin sanarwa Baba Kanon ya karanta sunayenmu biyu da murya ƙasa-ƙasa, bai ɗago daga takardar ba. Karo na farko ke nan da aka kira ta da sunana a Romi, kuma a sanarwar horo ne. Mai tsaron ƙofa ya nuna mana wurin.

A cocinmu maza suna zama dama, mata hagu, ko miji da mata sai an tashi suke haɗuwa a waje. Bencin baya ne kaɗai ba a raba shi ba, don guda ɗaya ne. Gajere ne kuma, ƙafarsa ɗaya tana rawa. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Aka kira Jibi. Layi ya fara daga gaba, benci bayan benci suna tashi, har na gabanmu ya miƙe ya bar mu mu kaɗai a jikin bango. Can gaba ina hango Baba Katikis riƙe da ƙoƙo, bai dubi inda muke ba ko sau ɗaya. Raina yana tafasa. Ina tunanin Mama Rabaran da kujerunta marasa kowa, da Rabaran Emeka da ƙyallensa, da wannan tsohon da ba zai ga 'yarsa cikin farar riga ba, dukansu suna faɗin kalmomi iri ɗaya a kan burodi iri ɗaya.

Rifkatu ta zungure ni da gwiwar hannu, idonta yana gaba.

"Matsa mana, Iliya. Ka danne mini zane."

Ban matsa ba.